Wadda Ta Wanke Inna

Ranar, Inna ce ta riga kowa tashi, kamar kullum. Na ji motsin butarta a bayan bukka, na ji tarinta. Bazara ce, tun da asuba iska ta yi ɗumi. Ta zo ta zuba mini ruwan alwala, don yatsuna sun fara ƙin riƙe buta. Muka yi salla. Ta auno gero ta zuba a turmi.

Sunana Hajo. Ni kuturwa ce. Gara in faɗa tun yanzu, a san wadda ke magana. A lokacin ban kai shekara talatin ba. Turawa ke mulki, sojojin da aka kai yaƙin Bama ba su daɗe da komowa gida ba. Muna zaune a wata 'yar tunga a bakin gulbin Rima, cikin ƙasar Goronyo, ba nisa da Boyekai. Bukkoki ne 'yan kaɗan na kara da ciyawa. Idan iska ta juyo, mukan ji kiran sallar garin da ya kore mu. Ba zan faɗi sunan garin ba. Jikokin mutanen suna nan da rai, kuma ba su suka yi ba.

A garin aka yi mini aure. Mijina Nomau, manomin albasa ne. Ɗiyarmu ɗaya, Kulu. Da tabon ya fito mini a kumatu, aka kwance Kulu daga bayana, aka ɗaure mini kayana, aka nuna mini hanyar tunga. Inna lafiyarta ƙalau. Ta rufe ɗakinta ta biyo ni. Ta ce ita ta haife ni, kuma ba ta ga wanda zai daka mini ba in ba ita ba.

Tun shigowar zafin shekarar sanƙarau ya faɗa garin. Yaro zai kwanta lafiya, ya tashi wuya a sanƙare, kafin la'asar an kai shi. Daga tunga muna hango masu makara suna wucewa, safe da yamma. Kulu na cikin waɗanda aka kai. Ba a aiko mini ba. Wani mai tallan gishiri ne ya faɗa wa Inna daga tsallaken hanya. Na je bakin gulbi na yi kukana, na dawo.

Daga nan magana ta fara yawo, wai an ga kuturu yana wanke gyambonsa a rijiyar gari. Babu ɗayanmu da ya taka wurin. Ruwan gulbi muke sha. Mun ji maganar, muka ce za ta wuce kamar sauran.

Da rana ta fito kowa ya kama abin da ya saba. Tunau, wanda ya fi mu sauran ƙarfi, yana ba 'yan komayen albasarsa ruwa da ƙwarya. Wata mai suna Ai na zaune a bakin bukkarta tana ba jaririnta nono. Baba Labbo, dattijon tunga, bai fito ba. Cutar ta cinye ƙafafunsa da idanunsa, kullum Tunau ke ɗauko shi ya aje a inuwa. Ranar ya ce jikinsa na ciwo, a bar shi ciki. Ni ina tsince wake a faifai. Inna na daka. Kurciya na kuka a kan aduwa.

Da hantsi karnukan gari suka fara haushi gaba ɗaya. Sai ganga. Ba kiɗan noma ba ne, ba na biki ba. Bugu ɗaya ne, da sauri, ba ya canzawa. A ƙarƙashinsa akwai wata ƙara kamar ta kasuwa daga nesa. Taɓaryar Inna ta tsaya a sama. Ba ta sake sauka cikin turmi ba.

Ta hanyar lambunan albasa suka ɓullo. Maza ne, da gora da kulki da barandami. Wasu na riƙe da bakin wuta. Na san su. Ga mahaucin da nake sayen nama wurinsa. Ga maƙwabcinmu na da. Idanunsu sun yi ja, da yawansu sun binne ɗa a makon.

"Ku hito! Ku hito, ku da kunka kashe muna ɗiya!"

Mijin Ai ya nufe su hannuwa a sama. Ya ce, "Jama'a, mi munka yi muku?" Bai ƙarasa rufe baki ba aka sauke masa kulki. Ya faɗi a gindin rumbu. Aka rufe shi da duka. Ƙarar kamar ana bugun dawa a masussuka.

"Ku sa wuta!"

Jinka busasshiya ce. Ba ta jira. Bukkar farko ta kama da wata irin ƙara, fuu, kamar an yage sabon zane. Ta biyu ta kama daga ta farko. Awaki suka tsinke igiya. Kaji suka tashi da wuta a fukafukansu.

A can baya na ga Nomau. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Yana riƙe da bakin wuta. Muka haɗa ido. Bai jefa ba. Bai kuma hana kowa ba. Wani ya fizge wutar daga hannunsa ya cilla a kan bukkarmu, shi kuwa yana tsaye hannu a buɗe.

Sai na tuna Baba Labbo. Na ruga. Jinkarsa ta riga ta kama, tufaniyar ƙofar tana ci. Na kama ta da hannu biyu ina ja. An ɗaure ta daga ciki saboda awaki. Ina jin sa yana tari.

"Wa ke nan? Hajo? Tahi! Ku tahi ku bar ni!"

Na ci gaba da ja. Ya fara kalmar shahada da ƙarfi. Ya maimaita. Ya sake farawa, bai kai ƙarshe ba. Jinkar ta rufta ciki.

Inna ce ta finciko ni ta baya. Daidai nan wani ya ɗaga gora a kaina. Ban ga fuskarsa ba. Inna ta juya ta rufe ni da jikinta. Gorar ta same ta a gefen kai, saman kunne. Na ji ƙarar a cikin ƙirjina, kamar an fasa duma. Ta durƙusa. Ta dafa ƙasa. Ta miƙe.

"Gudu!" ta ce. "Gulbi!"

Muka gangara. Duwatsu na faɗuwa gaba da baya. Huɗu daga cikinmu suka yanki gabas ta cikin gonaki, wasu maza suka bi su. Mu muka faɗa cikin gulbi, wanda ya janye ya bar yashi da 'yan tafkuna. Muka bi gindin gaɓa a duƙe har ƙarar gangar ta yi ƙasa. Muka lafe a wani lungu da ruwan damina ya ƙwaƙule. Ni, da Inna, da Tunau, da Ai da jaririnta.

A nan na ji ƙaurin nama. Na ɗauka daga tunga iska ke kawo shi. Sai Ai ta dubi hannuwana ta toshe bakinta. Na duba. Fatar tafin ta saɓule, ta yi fari da baƙi. Ban ji komai ba. Haka cutarmu take, wuta na cin ka ba ka sani ba. Inna ta yage bakin zanenta ta naɗe mini su. Jini na bin wuyanta, ba ta ko shafa ba.

Da azahar gangar ta yi shiru. Hayaƙi ya miƙe sama sak, don babu iska. Muka ji ana kora awakinmu zuwa gari. Ai ta ce za ta koma ta ga mijinta. Tunau ya riƙe ta. Inna ta ce tana da ƙane a ƙasar Rabah, wani ƙauye kusa da Rara. Ta ce jini ba ya ƙin jini. Muka tashi.

Gulbi muka bi, muka nufi Wurno. Yashi ya yi zafi kamar kasko. Labari ya riga mu gaba, ban san ta yaya ba. Duk tafkin da muka nufa akwai masu lambu da jigonsu, kuma da sun hango mu sai su aje guga su ɗauki hogen jifa.

"Kak ku kusanto ruwan ga!"

Sai mu ratse. Inda babu kowa, Tunau ya tona yashi da gwiwar hannu har ruwa ya tsattsafo, mu sha da laka. Mun kwana a cikin kurmin geza. Washegari da hantsi wata tsohuwa mai tsinkar yakuwa ta gan mu. Ba ta yi kuwwa ba. Ta aje ƙwaryar furarta a kan kututture, ta ja da baya sosai. Ta ce, "Ku tahi da ƙwaryar." Ita ce kaɗai abin da muka ci a hanya.

Mun hango Wurno a kan tudunta. Mun ji kiran sallar la'asar daga can, a sarari. Ba mu shiga ba. Daga nan muka bar gulbi muka hau tudu, don ta nan hanyar Rabah take. Tudu ba shi da ruwa. Fako ne da sabara da ƙaya.

A tudun nan Inna ta fara canzawa. Ƙafarta ta hagu ta fara jan ƙasa. Ido ɗaya ya rufe. Ta fara kirana da sunan yayata da ta rasu tun ban yi wayo ba. Ta tambaye ni ko na kai wa babana abinci gona. Tunau ya tsuguna, muka ɗora masa ita. Yana tafiya, sawunsa na barin jini a kan fako. Ƙaya ta cika tafin ƙafarsa, shi ma bai sani ba.

Nonon Ai ya ƙafe. Jaririn ya yi ta kuka tun safe. Da rana ta take kukan ya koma kamar na ɗan mage. Da la'asar ya daina. Ai ta gyara goyo ta ci gaba da tafiya. Mun ga ƙafafunsa na lilo. Sai da rana ta yi ja sannan ta tsaya a gindin wani kalgo ta kwance shi. Tunau ya tona rami da itace da ɓarin ƙwaryar nan. Ramin bai yi zurfi ba. Muka jera duwatsu a kai saboda kura. Ai ta zauna ta miƙe ƙafa. Tunau ya kira ta a hankali, ba ta motsa ba. Sai ya daka mata tsawa.

"Tashi!"

Ta tashi.

Da hantsin washegari muka isa ƙauyen Kawu. Ya fito daga zaure yana gyara hula. Ya ga yayarsa a bayan kuturu, kai a kumbure. Ya fashe da kuka. Maƙwabta suka fara taruwa. Ya dube su, ya dube mu. Ya ce, "Yaya, ke ki shigo. Su ko, ki yi mini haƙuri."

Na ɗauka Inna ba ta cikin hayyacinta. Sai ta ɗago kai daga kafaɗar Tunau. Ta ce, "In ba da ɗiyata ba, ba ni shiga."

Kawu ya ce mu jira ya kawo ruwa. Ya shiga gida. Kafin ya fito wani ya ce, "Su na! Su na masu rijiya! A hid da su!" Dutse na farko ya faɗi a gabana. Muka juya. Ban sani ba ko Kawu ya fito da ruwan.

Ba mu yi nisa ba. A bakin wani burtali akwai gawo mai inuwa. Tunau ya sauke Inna, shi ma ya kife a gefenta. Ai ta jingina da itacen, ido a buɗe. Harshena ya kumbura ya cika bakina. Ƙudaje suka rufe tsumman hannuna. Rana ta take tsaka. Babu inda ya rage mu je. Na kwanta na sa kaina kusa da na Inna, na jira.

Na ji takun mutum. Na buɗe ido. Mace ce gajera, da tulu a ka, ba mayafi, tsagen fuskarta ba irin namu ba. Ta tsaya tana kallonmu. Na yi abin da aka koya mana. Na tattara sauran muryata.

"Kak ki matso! Kutare na!"

Ta sauke tulun. Ta matso. Ta durƙusa, ta sa hannu a ƙeyata ta ɗago kaina, ta kafa mini moɗa a baki. Moɗarta ce, wadda take sha da ita. Tun da na bar gari, in ban da Inna, babu mai lafiyar da ya taɓa jikina. Ruwan na zuba ta gefen bakina, ita kuwa tana sharewa da yatsa. Ta ba Tunau. Ta ba Ai. Ta ɗiga wa Inna a leɓe. Sannan ta miƙe ta kwarara kira.

"Iliya! Iliya! Zo da sauri!"

Mijinta take kira da sunansa, abin da ban taɓa jin mace ta yi ba. Ya taho da gudu, dogo, da gajeren wando. Bai tambayi ko mu su wa ne ba. Ya dubi kan Inna, ya sunkuce ta kamar yarinya. Ya ce, "Wanda zai iya tafiya ya biyo ni. Wanda ba zai iya ba, ina dawowa."

Sunanta Rahila. Mutanen ƙasar Zuru ne, Kiristoci, waɗanda a wajenmu ake kira 'yan mishan. Shi malamin dabbobi ne, an turo shi yana yi wa shanun Fulani allurar cutar bushiya. Zangonsu ɗakuna biyu ne a bayan gari da shingen itace inda ake matse shanu. Su ma ba a cin abincinsu. Ba a shiga gidansu. Ba su da ɗa.

A kan gadonsu suka kwantar da Inna. Malam Iliya ya aske gefen kanta ya wanke. Ya daɗe yana kallon wurin. Ya girgiza kai ya fita waje, na kuwa gane. Rahila ta jiƙa tsumman hannuna har ya saki. Ta wanke ƙunar da wani ruwa mai launin shuni. Ta ce maganin shanu ne, amma ciwo ciwo ne. Ta naɗe da farin ƙyalle. Daga nan ta ɗora ƙafar Tunau a cinyarta, ta ɗauki allura tana cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Ƙafa ce mai gyambo, mai wari. Tunau, wanda bai yi kuka a tunga ba, bai yi a gindin kalgo ba, ya rufe fuska da dungun hannunsa yana shessheƙa.

Da la'asar ta dama kunu. Ba ta zuba mana a kasko ba, a kwanukansu ta zuba. Kafin a sha suka rufe ido, Malam Iliya ya yi addu'a irin tasu. Ban gane duka ba. Na ji sunan Almasihu, na ji sunana, da na Tunau, da na Ai. Ya ce "da Innarmu". Tun da ba ni da hannu, Rahila ce ta ba ni a baki da ludayi.

Na ce, "Ke ba ki tsoro?"

Ta ce, "Ina tsoro mana. Sosai ma. Amma wanda muke bi ya taɓa kuturu da hannunsa. Buɗe bakinki."

Washegari da hantsi garken farko ya iso. Makiyayan suka hango Tunau a inuwa, suka yi fito, suka juya shanunsu. Na biyu ma haka. Masu tallan nono suka wuce ta nesa. Kafin azahar ɗan saƙon mai gari ya zo da mutane a bayansa. Ya tsaya can bakin shinge.

"Mai gari ya ce a kore su yanzu!"

Malam Iliya ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "A gaida mai gari. Tsohuwa ba ta iya tashi. Ba zan fitar da ita rana ba."

Wani daga baya ya ce dama arne da kuturu ai tukunyarsu ɗaya. Aka yi dariya. Sai jifa. Ina ciki ina jin duwatsu na sauka a jinka, dif, dif. Ɗaya ya fasa randarsu, ruwa ya malale tsakar gida. Na san abin da ke biyo bayan jifa. Rahila ta zauna a bakin gado, hannu ɗaya a kan Inna, ɗaya a kaina. Malam Iliya bai gusa daga ƙofar ba. Da suka gaji suka tafi.

Kwana biyu Inna ba ta san inda take ba. A rana ta uku da hantsi ta buɗe idon da ya rage. Rahila na goge mata fuska da ruwa. Inna ta bi ta da kallo.

"Hajo," ta ce. Da sunana ta kira ni. "Wagga ɗiyar wa ta?"

"Matar malamin shanu ta, Inna. 'Yar mishan ta."

Ta ce, "Ta ga hannunki?"

"Ita tan naɗe su."

Inna ta lalubo hannun Rahila ta riƙe. Ta ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Ki ba ta abinci da kanki. Ba ta faɗin tana jin yunwa."

Ba ta sake magana ba. Na yi ta karanta mata shahada a kunne. Ana kiran azahar a gari numfashinta ya tsaya.

Gawar mace, mace Musulma ke wanke ta. Ni ba ni da hannu. Ai na zaune a lungu, tun gindin kalgo ba ta ce uffan ba, ko sunanta ba ta amsawa. Babu macen gari da za ta tako zangon. Na zauna ina kallon ƙyallen hannuwana. Rahila ta durƙusa a gabana. Ta ce, "Ni ban san yadda kuke yi ba. Ki faɗa mini, in yi."

Ta tsinko ganyen magarya. Ta ɗumama ruwa. Ni na yi niyya, na yi bisimilla. Na ce ta fara da alwala, ta yi. Na ce dama kafin hagu. Na ce ta rufe ta da zane, ta wanke ta ƙarƙashinsa. Ba ta yi gaggawa ba. Ta wanke busasshen jinin da ke bayan kunne. Ta tsefe furfurar ta kitse ta uku, yadda na ce. Ta wanke ƙafafun da suka tsattsage, har tsakanin yatsu. Tana yi hawayenta na ɗiga a ruwan. Babu likkafani. Ta buɗe akwatinta ta ɗauko farin zanen da take ɗaurawa ranar Lahadi, ta yayyage shi yadda na nuna mata.

Malam Iliya ya shiga gari neman wanda zai yi salla. Ya dawo shi kaɗai. Ya ɗauki gatari da galma ya tambayi Tunau ina alƙibla. Tunau ya nuna, shi ya haƙa. Ƙasar bazara ce, kamar dutse. Yana cikin haƙa sai ga wani tsohon Bafillace daga ruga, da sandarsa a kafaɗa. Ya daɗe tsaye daga nesa yana kallo. Ya ce, "Musulma ta?" Tunau ya ce Musulma ta. Tsohon ya jingine sanda, ya yi taimama, ya shige gaba. Tunau ya tsaya bayansa a kan ƙafafunsa masu ƙyalle. Sahun ke nan, mutum biyu. Malam Iliya ya koma gefe ya cire hularsa. Daga bakin ɗaki na ji kabbarori huɗu. Ina jin saukar ƙasa.

Ba mu ƙara daɗewa ba. Malam Iliya ya ce akwai wurin 'yan mishan gaba da Sakkwato, inda ake karɓar masu cutarmu ana yi musu allura. Ya ce ba za a hana mu sallarmu ba. Ya ɗora ni da Ai a kan jakinsa, tsohon Bafillacen nan ya ba da aron takarkari aka ɗora Tunau. Rahila ta raka mu har gawon da ta tsince mu. Ta ɗaura mini ƙunshin dawo a zane. Ta kama fuskata da hannu biyu, daidai kan tabon. Ta ce, "Ki ci abinci." Ta juya.

Da ƙafa ya kai mu. Muka tsallake gulbi a Rabah, muka kewaye birni ta baya. Ya damƙa mu ga masu wurin, ya sha ruwa, ya juya da dabbobinsa a ranar. Daga baya na ji an ɗauke shi daga zangon kafin damina, don babu mai kawo masa shanu. Ban san inda aka kai su ba. Duk majinyacin da ya zo daga ƙasar Zuru sai na tambaye shi. Babu wanda ya san su.

Mu goma sha ɗaya muka kwana a tunga. Baba Labbo ya tsaya a cikin wuta. Mijin Ai a gindin rumbu. Huɗun da suka yi gabas, har yau babu labari. Jariri a gindin kalgo. Inna a bayan zangon shanu. Uku muka isa. Ai ba ta ga kakar shekarar ba, ta rasu. Hannuwana sun warke, da yatsa uku.

Bayan shekaru, da aka sallame ni, na koma neman kushewar Inna. Babu ɗakunan, babu shingen. An nome wurin, dawa ta fi ni tsawo. Na shiga na fita ban gane daidai ina ne ba. Sai na tsaya a bakin kunya, na yi mata addu'a a kan gonar gaba ɗaya.